Ciniki Ba Kashiya: Nazarin Abin da Masu Saye Suka Tarar a Hannun Kamfanin Amazon

1.0 GABATARWA

Ciniki, kamar yadda aka san shi tun fil azal, al'amari ne na mutum biyu, kuma kowannensu yana da baki. A kasuwar Bahaushe matakan a fili suke: mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallama, sa'an nan a ƙirga kuɗi a idon juna, wani lokaci ma a nemi gyara. A kantin zamani, inda aka manna wa kowace haja farashinta, an soke yawancin waɗannan matakai, amma an bar guda ɗaya, watau tsayawa gaban mai karɓar kuɗi, wanda aka fi sani da kashiya. A nan ne ake gaya wa mai saye jimillar abin da ya hau kansa. A nan ne kuma yake da damar ya ce an yi kuskure, ko ya mayar da wani abu in ya ga kuɗinsa ba za su kai ba.

Kamfanin Amazon na ƙasar Amurka, wanda ya yi suna wajen sayar da kaya ta intanet, ya yi ƙoƙarin kau da wannan mataki na ƙarshe. A 2018 ya buɗe wa jama'a wani irin kanti da mutum zai shiga, ya ɗebi abin da yake so, ya fita, ba tare da ya tsaya gaban kowa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin abin da masu saye suka tarar a hulɗarsu da wannan kamfani, da farko a kayan da yake sayarwa ta intanet, sa'an nan a kantunansa marasa kashiya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk lokacin da aka cire mutum daga tsakanin mai saye da haja, sauri yakan ƙaru, amma aikin da mutumin yake yi na shaida da ɗaukar alhaki yana nan. Ko dai a ɗora shi a kan mai saye, ko kuwa a miƙa shi ga wani mutumin da ba a gani.

2.0 YADDA AKA RIƘA JANYE HANNUN MUTUM DAGA KANTI

Kafin a yi nisa, ya kyautu a san cewa ba Amazon ne ya fara wannan tafiya ba. A 1879 wani mai mashaya a garin Dayton na jihar Ohio, mai suna James Ritty, ya yi rajistar na'ura mai lissafa kuɗin ciniki. Abin da ya tura shi kuwa shi ne zargin da yake yi wa yaransa cewa suna soke wani abu daga cinikin yini a aljihunsu. Ke nan tun asali an ƙago na'urar ne domin ta tsare mai kanti daga ma'aikacinsa. Sai daga baya, da aka sa mata takarda mai fitar da rasit, ta zama tana tsare mai saye shi ma, tun da ya sami shaida a hannunsa.

A 1916 Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis. Kafin wannan lokaci, mai saye yakan tsaya bayan kanta ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya ɗauko, ya auna, ya ƙunshe. Saunders sai ya ba mai saye kwando, ya bar shi ya zaga ya ɗiba da kansa, ya biya a bakin ƙofa. Aikin yaron kanti ya koma hannun mai saye ba tare da an biya shi ko anini ba, amma jama'a suka karɓa saboda rangwamen farashi da 'yancin zaɓe. Shi dai wannan Saunders, a 1937, ya gwada wani kanti da ya kira Keedoozle, inda kaya ke bayan gilashi, mai saye ya zura wani mabuɗi a jikin abin da yake so, injuna su turo masa. Injunan suka yi ta cijewa, kantin bai yi ƙarko ba.

A watan Yuni na 1974, a garin Troy na jihar Ohio, aka fara sayar da haja ta hanyar haska zanen layukan nan baƙaƙe da ake bugawa a jikin kwali, kuma abin da aka fara haskawa ƙunshin cingam ne. Daga ƙarshen ƙarni na 20 sai injunan biya da kai suka bazu, inda mai saye ke haska kayansa da hannunsa. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan sauye-sauye an bar wa mai saye abu guda: yana ganin jimilla kafin kuɗi su bar hannunsa.

3.0 SAYE BA GANI: KAYAN AMAZON TA INTANET

Jeff Bezos ya kafa Amazon a 1994 a jihar Washington, kamfanin kuma ya fara sayar da littattafai ta intanet a watan Yuli na 1995. Daga littattafai ya faɗaɗa zuwa tufafi, da kayan lantarki, da kayan ɗaki, da abinci. A 2005 ya fito da tsarin Prime, inda mutum zai biya dala 79 a shekara a riƙa kawo masa kaya cikin kwana biyu ba ƙarin kuɗin dako. Babu shakka wannan sauƙi ne babba, musamman ga tsoho, da mai naƙasa, da wanda ke zaune nesa da gari. Sai dai saye ta intanet, in an duba, cinikin biri a sama ne: mai saye bai taɓa hajar ba, bai gwada ta ba, bai kuma ga fuskar mai ita ba.

3.1 Sharhin masu saye

Maganin da kamfanin ya kawo wa wannan matsala shi ne ya bar waɗanda suka riga suka saya su rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin kowace haja, su ba ta taurari daga ɗaya zuwa biyar. Watau shaidar da a da ake nema wurin mai kanti ko maƙwabci, yanzu ta koma bakin baƙin da ba a sani ba. Da 'yan kasuwa suka gane cewa taurari su ke jawo ciniki, sai shaidar kanta ta zama haja. Aka sami masu ba da kaya kyauta, ko masu mayar wa mutum kuɗinsa a ɓoye, muddin zai rubuta yabo. A 2016 Amazon ya hana yawancin sharhin da ake rubutawa a madadin kyauta. Kamfanin ya ce a 2020 kaɗai ya tare sharhi fiye da miliyan 200 da yake zargin na bogi ne, a 2022 kuma ya kai ƙarar masu gudanar da zauruka fiye da 10,000 a Facebook inda ake dillancin irin wannan yabo. A 2024 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta kafa doka mai hana saye da sayar da sharhin ƙarya. Waɗannan alƙaluma sun nuna irin nauyin da ya koma kan mai saye, domin shi ne zai zauna ya tace gaskiya daga ƙarya kafin ya sayi ko da fitilar hannu.

3.2 Wane ne mai kaya?

Matsala ta biyu ita ce, da yawa daga masu saye suna zaton duk abin da ke shafin Amazon na Amazon ne. Ba haka abin yake ba. A wasiƙarsa ta 2019 ga masu hannun jari, Bezos ya bayyana cewa kashi 58 cikin ɗari na cinikin hajar da aka yi a 2018 na 'yan kasuwa masu zaman kansu ne, alhali a 1999 kashi 3 ne kacal. A irin wannan ciniki Amazon dillali ne: yana ba da rumfa, sau da yawa yana ajiye kayan a sitonsa ya kai wa mai saye, ya ɗauki la'adarsa.

Tambayar ita ce, in haja ta cuci mai saye, wa zai kama? A watan Agusta na 2019 jaridar Wall Street Journal ta gano kaya 4,152 a shafin waɗanda hukumomi suka hana, ko suka ce suna da haɗari, ko aka yi ƙarya a bayaninsu. Kamfanin ya daɗe yana kafa hujja da cewa shi mai dako ne kawai a kayan da ba nasa ba. A watan Yuli na 2024 hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta yanke cewa shi mai rarraba kaya ne a idon doka, don haka alhakin janye kaya fiye da 400,000 yana wuyansa. Cikinsu akwai na'urorin gano iskar guba waɗanda ba sa ƙara in iskar ta cika ɗaki, da kayan barcin yara masu saurin kama wuta. Kamfanin bai yarda ba, ya garzaya kotu a 2025.

3.3 Abin da aka saya, na wa ne?

A 2007 Amazon ya fitar da Kindle, na'urar karanta littattafai. A watan Yuli na 2009 wasu masu ita suka wayi gari littattafan George Orwell guda biyu, 1984 da Animal Farm, sun ɓace daga na'urorinsu. Ashe wanda ya sa su a kasuwa ba shi da izinin sayar da su, sai kamfanin ya goge su daga nesa, ya mayar da kuɗi, ba tare da ya nemi yardar kowa ba. Bezos ya fito ya nemi gafara. Amma masu saye sun riga sun koyi darasi, cewa hannun mai kanti yana iya kaiwa har cikin jakarsu bayan an yi sallama. Haka nan a 2023 Hukumar Kasuwanci ta kai kamfanin ƙara bisa zargin yana shigar da mutane Prime ba da cikakken saninsu ba, yana kuma wahalar da mai son fita. A watan Satumba na 2025 aka sasanta a kan dala biliyan 2.5, biliyan 1.5 daga ciki na mayar wa masu saye ne, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba.

4.0 KANTIN AMAZON GO DA YADDA YA YI AIKI

A watan Disamba na 2016 kamfanin ya ba da sanarwar wani kanti mai suna Amazon Go a birnin Seattle. Da farko ma'aikatansa kaɗai ke shiga. An so a buɗe wa jama'a a farkon 2017, amma aka jinkirta, kuma rahotanni sun nuna na'urorin kan rikice in mutane sun haura kamar 20 a ciki. Sai ranar 22 ga Janairu, 2018 aka buɗe. Kantin ƙarami ne, murabba'in ƙafa 1,800, ana sayar da abincin tafi-da-gidanka, da lemo, da madara, da makamantansu.

Tsarin, wanda aka laƙaba wa Just Walk Out, ga yadda yake. Mai saye zai sa manhajar kamfanin a wayarsa, ya haɗa ta da katin bankinsa. A bakin ƙofa zai haska wata alama daga wayar, ƙofa ta buɗe. Rufin kantin cike yake da kyamarori masu bin kowane mutum daga shigarsa har fitarsa, kantocin da aka jera kaya kuma suna da ma'aunin nauyi, ta yadda in an ɗauki abu ko an mayar za su sani. Kwamfuta ce ke haɗa abin da kyamara ta gani da abin da ma'auni ya ji, ta rubuta a lissafin wanda ta ga ya miƙa hannu. In ya fita, sai a cire kuɗin daga katinsa, a aiko masa da rasit ta waya.

Ko a lokacin akwai ma'aikata a ciki: masu haɗa abinci, da masu jera kaya, da mai duba shekarun wanda zai shiga sashen barasa. Kashiya kaɗai aka cire. Daga Seattle kantunan suka bazu zuwa Chicago, da San Francisco, da New York. A watan Maris na 2020 kamfanin ya fara sayar wa wasu 'yan kasuwa wannan fasaha, a watan Maris na 2021 kuma ya buɗe irin kantin a unguwar Ealing ta birnin Landan da sunan Amazon Fresh.

5.0 ABIN DA MASU SAYE SUKA TARAR

5.1 Daɗin sauri

Abu na farko da ya burge mutane shi ne rashin layi. Ma'aikacin ofis mai ɗan gajeren hutun rana yana iya shiga ya fito cikin minti ɗaya ko biyu, manhajar ma takan nuna masa mintoci da daƙiƙun da ya yi a ciki. Abin dariya, ranar buɗewa sai da jama'a suka yi dogon layi a waje domin su ga kantin da ba shi da layi. Da yawa daga waɗanda suka fara shiga sun bayyana cewa sun ji kamar sata suke yi sa'ad da suka zura abu a jaka suka nufi ƙofa. Wannan jin ba banza ba ne. Jiki ya saba cewa ciniki yana da rufewa, a nan kuwa ba wanda ya sallame su.

5.2 Rasit da ke zuwa daga baya

Malaman fiƙihu, musamman na mazhabar Malikiyya, sun yarda cewa ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko da ba a furta kome ba, kamar mutum ya ajiye kuɗi ya ɗauki burodi. Amma sun sharɗanta a san abin da aka saya, a kuma san kuɗinsa. Saboda haka shirun da ke cikin kantin Amazon Go ba sabon abu ba ne, farashi kuma yana rubuce a jikin kanta. Sabon abu shi ne, ƙirgar ta koma bayan fage. A lokacin, mai saye ba ya ganin jimilla sai ya fita, wani lokaci bayan 'yan mintoci, wani lokaci kuwa, musamman a manyan kantunan Fresh, sai bayan sa'o'i. Ga mai wadata wannan ba kome ba ne. Ga uwar gida da ta fito da ƙayyadadden kuɗin cefane, wadda ta saba ta ce a cire wannan a bar wancan, rasit da ya iso bayan ta sauke tukunya bai yi mata amfani ba.

Har ila yau, tsarin ya zo da ƙa'idodin da suka saɓa wa ɗabi'a. Tun da lissafi yana bin hannun da ya ɗauka, wanda ya taimaki wani baƙo ya miƙo masa abu daga kanta ta sama, shi za a caja. In an yi kuskure, mai saye ne zai bi rasit layi-layi, ya gano, ya nemi a mayar masa ta manhaja. Gaskiya ne kamfanin yakan mayar ba gardama, amma wanda bai duba ba ya yi hasara bai sani ba. Kuskuren yakan faɗa ta ɗaya gefen ma: a ranar buɗewa wata 'yar jaridar gidan talabijin na CNBC ta fita da ƙaramin kofin kindirmo ba a caje ta ba, da ta sanar, kamfanin ya ce ta sha kyauta.

5.3 Waɗanda aka bari a waje

A farko, ƙofar kantin ba ta buɗuwa sai ga mai wayar zamani da katin banki. Alhali kuwa binciken hukumar inshorar ajiyar banki ta Amurka ya nuna a 2017 kashi 6.5 cikin ɗari na gidajen ƙasar, watau gida miliyan 8.4, ba su da asusun banki ko ɗaya, kuma galibinsu talakawa ne. Mutum yana riƙe da kuɗin ƙasarsa a hannu, amma ba zai iya sayen ruwan sha ba. Jihar Massachusetts tun 1978 take da dokar tilasta wa kantuna karɓar tsabar kuɗi. A 2019 birnin Philadelphia, da jihar New Jersey, da birnin San Francisco suka kafa irinta, birnin New York ya biyo baya a 2020. Da Amazon Go ya buɗe reshensa na farko a New York a watan Mayu na 2019, sai ya zo da tsarin karɓar tsaba: ma'aikaci ya buɗe wa mutum ƙofa, ya haska kayansa, ya karɓi kuɗi, ya ba shi canji. Kashiya ya dawo ke nan, ko da ba a kira shi da sunan ba.

5.4 Idon da ba ya ƙiftawa

A kantin gargajiya mai saye yana iya biya da tsaba ya tafi ba wanda ya san sunansa. A kanti marar kashiya kuwa dole a san ko wane ne shi kafin ya shiga, a kuma bi kowane motsin hannunsa, har abin da ya ɗauka ya duba ya mayar. A 2020 kamfanin ya ƙara da Amazon One, inda mutum ke biya da tafin hannunsa. Katin banki in ya ɓata ana sake wani, tafin hannu kuwa ɗaya ne har mutuwa. A 2023 aka kai kamfanin ƙara a New York bisa zargin bai kafa sanarwar da dokar birnin ta 2021 ta wajabta wa masu tattara bayanan jikin mutane ba. Kamfanin ya ce ba ya amfani da fasahar gane fuska, kuma ba ya ɗaukar tafin kowa sai wanda ya miƙa da kansa. Ko ma yaya shari'a ta ɗauki maganar, gani a wannan kanti na gefe ɗaya ne: mai kanti yana ganin kome, mai saye ba ya ganin ko lissafinsa.

6.0 MUTUMIN DA KE CIKIN AKWATI

A 1770 wani mai suna Wolfgang von Kempelen ya nuna wa fadar Vienna wani mutum-mutumi sanye da rawani, zaune bayan akwati, wanda ke buga darar Turawa yana cinye gwanaye. An yi shekaru ana yawo da shi a Turai da Amurka, har ya kara da Napoleon a 1809, kafin gobara ta cinye shi a Philadelphia a 1854. Asirinsa shi ne, akwai gwanin dara a ɓoye cikin akwatin. Amazon ya san wannan labari sarai, domin a 2005 ya raɗa wa wani sashensa Mechanical Turk, sunan wancan mutum-mutumi, inda ake biyan mutane 'yan kuɗi kaɗan su yi ƙananan ayyukan da kwamfuta ta kasa.

Wannan labari ya dawo bakin jama'a sau biyu. A 2019 kafar Bloomberg ta ba da rahoton cewa dubban ma'aikata suna sauraren wani ɓangare na muryoyin da na'urar Alexa ke ɗauka a gidajen mutane, domin a gyara fahimtarta. Sa'an nan kafar The Information ta ba da rahoton cewa tsarin Just Walk Out ya dogara da ma'aikata kimanin 1,000 a ƙasar Indiya masu duba hotunan kantunan, kuma a 2022 cikin kowane ciniki 1,000 sai da mutum ya duba kusan 700, alhali burin kamfanin bai wuce 50 ba. Amazon ya musanta wannan siffantawa. Ya ce babban aikin ma'aikatan shi ne yi wa hotuna alama domin horar da kwamfuta, kuma ƙalilan ne daga cikin ciniki suke tabbatarwa in na'ura ta yi shakka. Amma ko a bisa maganar kamfanin, akwai lokacin da hukuncin ƙarshe na ɗan Adam ne. Bambancin shi ne, wannan mutum yana wata nahiya, mai saye ba zai iya gaishe shi ba, balle ya ce masa ya sake ƙirgawa.

Ƙarshen gwajin ya zo a hankali. A 2018 an ba da rahoton kamfanin yana tunanin buɗe kantuna har 3,000 kafin 2021, amma kantunan Go sun tsaya a wajen 30. A watan Maris na 2023 ya sanar da rufe takwas. A watan Afrilu na 2024 ya ce zai cire Just Walk Out daga manyan kantunan Fresh na Amurka, ya maye gurbinsa da amalanke mai allo, wanda ke nuna wa mai saye jimillarsa yayin da yake zuba kaya. Dalilin da kamfanin ya bayar da bakinsa shi ne, masu saye sun ji daɗin tsallake layi, amma suna son ganin lissafinsu tun suna ciki. Ya kuma ce zai mai da hankali ga sayar da fasahar ga ƙananan kantuna a filayen wasa, da filayen jirgin sama, da jami'o'i. A watan Satumba na 2025 ya sanar da rufe kantunan Fresh 19 na Birtaniya, a watan Janairu na 2026 kuma ya sanar da rufe kantunan Go da Fresh da suka rage a Amurka.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa masu saye ba su ƙi sauri ba. Inda sayen ƙarami ne kuma lokaci ya ƙure, kamar mai neman ruwa kafin jirgi ya tashi, tsarin ya dace, kuskuren da zai auku ma bai taka kara ya karya ba. Amma inda sayen ya shafi cefanen mako da lissafin gida, sauri ya haifi nawa: lokacin da aka tsira da shi a layi an biya shi wajen jiran rasit da bin diddiginsa. Tsadar kyamarori da ma'aunai ita ma tana cikin abin da ya hana kantunan yaɗuwa, amma shaidar kamfanin kansa ta nuna cewa son ganin jimilla ya yi tasiri.

An ɗauki kashiya a matsayin cikas tsakanin mai saye da ƙofa, aka manta cewa shi ne wurin da ake jin ta bakin mai saye. Haka abin yake a sharhin bogi, da hajar dillali, da littafin da aka goge daga nesa: a kowanne, an sami sauƙi, an kuma rasa wanda za a tsare a tambaya, har sai da kotu ko hukuma ta shigo ta nuna mai alhaki. Irin wannan fasaha ba za ta tsaya a Amurka da Ingila ba, wasu kamfanoni ma sun gwada tasu. Saboda haka ya kamata duk al'ummar da za ta karɓe ta ta tanadi amsar tambayoyi biyu tun kafin a kafa kyamara ta farko: shin mai saye zai ga lissafinsa kafin a taɓa kuɗinsa, kuma in an cuce shi, ƙofar wa zai buga?